Fomula biyu na lissafin wat sun rikita ni, kuma rasistana ya ƙone

sabon_ɗalibi:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana wutar lantarki ku taimaka min, kwana uku kenan ina kai gwauro ina kai mari kan abu ɗaya na kasa samun bakin zaren.

Ban daɗe da fara koyon haɗa ƙananan kayan lantarki ba, abin da nake da shi batir ne mai bolt 12 da mita ta awo da 'yan rasistoci, wato ƙananan kayan da ke rage gudun wuta, da kwan fitilar mota guda ɗaya. Na haddace dokar Om cewa V = I × R, wato boltej shi ne karan (yawan wutar da ke gudana, da amf ake auna shi) sau turjiya (ita kuma da om), na kuma haddace P = V × I na wat. Har nan babu matsala. Inda kaina ya ɗaure shi ne da na ga wasu fomula biyu kuma, P = I² × R da P = V² ÷ R. To ta farko tana cewa idan turjiya ta ƙaru wat ya ƙaru tunda sau ake yi, ta biyun kuma tana cewa idan turjiya ta ƙaru wat ya ragu tunda rabawa ake yi, to wai wacce ce gaskiya a ciki? Ya za a yi abu ɗaya ya ƙaru kuma ya ragu a lokaci guda? Wlh na zauna da biro da takarda har dare ban gane ba.

Na biyu, kwan fitilar nan an rubuta 12V 21W a jikinsa. Na yi lissafi, 21 raba 12 ya ba ni amf 1.75, sai na raba 12 da 1.75 na samu om 6.86 kusan 7. Da na ɗora mita a kansa sai ta nuna min 0.8. Ba 7 ba, ba 6 ba, 0.8 fa. Na cire na sake sawa, na goge bakin ƙarfen, haka dai. Shin mitar ce ta lalace ko lissafina ne ba daidai ba?

Na uku kuma shi ya fi damuna. Na ce bari in gwada dokar da idona, na ɗauko rasista mai om 100, irin ƙananan nan masu kamar ƙwayar hatsi, na jona shi kai tsaye a batir, batirin a lokacin yana nuna 12.6. A lissafina karan ɗin da zai bi ta ciki amf 0.126 ne kawai, na ce ai wannan ba komai ba ne. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ji ƙauri, na kai yatsa ya ƙone ni, fentin jikinsa ya yi baƙi har layukan kalar suka ɓace. Ya aka yi ɗan karan da bai kai kwatan amf ba ya ƙona shi?

Duk wanda ya sani ya yi min bayani dalla-dalla dan Allah, ba amsa kawai nake so ba, so nake in gane dalilin. Na gode.

malamin_fiziks:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayarka ta farko ita ce ainihin wurin da ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, wasu ma har su gama karatu ba su taɓa lura akwai abin tambaya a wurin ba. Ni ita zan tsaya a kai.

Ka fara cire wa ranka cewa fomula uku ne. Guda ɗaya ce, P = V × I. Sauran biyun 'ya'yanta ne. Idan ka cire V ka sa I × R a madadinsa, tunda dokar Om ta ce daidai suke, sai ka samu I × R × I, shi ne I² × R. Idan kuma I ka cire ka sa V ÷ R, sai ka samu V × V ÷ R. Ka ga ashe ba za su taɓa saɓa wa juna ba tunda uwarsu ɗaya. Gwada da rasistanka da ya ƙone: 12.6 sau 0.126 ya ba ka 1.59. Sai 0.126 sau 0.126 sau 100, 1.59. Sai 12.6 sau 12.6 raba 100, nan ma 1.59. Ko ta ina ka bi gida ɗaya za ka sauka.

To daga ina ruɗanin ya fito? Daga nan: kana canza R a cikin kanka kana ɗauka sauran suna nan yadda suke. Ba sa zama. V da I da R a ɗaure suke da igiya ɗaya, ka taɓa ɗaya dole wani ya motsa. Saboda haka duk lokacin da ka ce "idan turjiya ta ƙaru", tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce, me ya tsaya bai canza ba, boltej ne ko karan?

Idan batir ka jona wa abu kai tsaye, boltej ne a tsaye, batirin yana riƙe da 12 ɗinsa. Ka ƙara turjiya sai karan ya faɗi. Ka ninka R sau biyu, I ya koma rabi, kuma tunda I ana ninka shi da kansa ne a fomular, I² ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, sai ka sau shi da R ɗin da ya ninka biyu, ka tashi da rabin wat. Ka ga ita ma I² × R cewa ta yi wat ya ragu, kai ne dai ka manta ka rage I.

Bari in ba ka misali da lamba don ya zauna. Ɗauki rasista biyu, ɗaya om 10 ɗaya om 100, da batir bolt 12 cif.

Ka jona kowanne a batir da kansa, gefe da gefe, kowa yana ganin bolt 12 cikakke. Mai om 10: 144 raba 10, wat 14.4. Mai om 100: 144 raba 100, wat 1.44. A nan ƙaramar turjiya ita ta fi cin wuta, ninki goma.

Yanzu ka jera su ɗaya bayan ɗaya, wutar ta shiga ta na farko ta fita ta shiga na biyu. Jimlar turjiya 110, karan 12 raba 110, wato amf 0.109, kuma wannan karan ɗin shi ke bi ta cikinsu duka biyun don hanya ɗaya ce babu ta ratse. Mai om 10 ya samu wat 0.12, mai om 100 ya samu wat 1.19. An juya kenan, yanzu babbar turjiya ce ta fi zafi, ninki goma. Rasistocin ba su canza ba, batir bai canza ba, abin da suka yi tarayya a kai ne ya canza, da farko boltej ɗaya suke gani, yanzu karan ɗaya suke gani.

Kuma ko a jeren nan V² ÷ R tana aiki, sharaɗin kawai ka sa boltej ɗin da ke kan shi rasistan, ba na batir ba. Mai om 100 ya ɗauki bolt 10.9, mai om 10 ya ɗauki 1.09. 10.9 sau 10.9 raba 100, ga 1.19 ɗinka ya dawo. Wannan kuskuren na sa boltej ɗin batir a inda bai dace ba, na fi ganinsa a takardun ɗalibai fiye da kowane.

Af, idan kana mamakin me ya sa karan ake rubuta shi da I, daga kalmar Faransanci ta "ƙarfin gudana" harafin ya fito, Ampère wanda aka sa wa amf sunansa Bafaranshe ne. Shi kuwa Georg Ohm Bajamushe ne, malamin makaranta, a 1827 ya fitar da dokar. Maganar zafin da karan ke haifarwa a waya, wato I² × R, James Joule na Ingila ne ya auna ta wajen 1840, yana tsoma waya a ruwa yana duba yadda zafin ruwan ke hawa.

tsohon_mai_gyara:

Malam ya gama da ta farko, Allah ya ƙara ilimi. Ni bari in ɗauki kwan fitila da rasista tunda su ne abin da hannuna ya saba da su.

Ƙanina mitarka lafiyarta ƙalau, lissafinka ma daidai ne. Abu biyu daban ka auna. Om 7 ɗin da ka lissafa turjiyar kwan ce lokacin da yake ci, ita kuwa mita ta auna shi yana sanyi. Siririn zaren da ke cikin kwan nan tangistin ne, idan ya kama yana haura digiri 2000 nesa, kuma ƙarfe duk sanda ya yi zafi turjiyarsa hawa take yi. A irin wannan kwan bambancin sanyi da zafi yakan kai ninki goma ko fiye. To ka ga in yana zafi 7, in yana sanyi wajen rabin om ne ko sama kaɗan.

Sannan 0.8 ɗin nan ma ba duka na kwan ba ne. Ka haɗa bakin wayoyin mitar biyu da juna, ja da baƙi, ba tare da komai a tsakani ba, za ka ga ba sifili take nunawa ba, za ta ba ka 0.2 ko 0.3 haka, wannan turjiyar wayoyin mitar ce da kansu. In kana auna om 1000 ba ruwanka da ita, amma in kana auna abin da bai kai om 1 ba dole ka cire ta. Shi ya sa ni in abu mai ƙaramar turjiya ne ba na yarda da awon om kai tsaye, gara in kunna shi in auna bolt in auna amf in raba, shi ne gaskiyar abin da yake yi a bakin aiki.

Kuma ka lura da wani abu, ka taɓa ganin irin kwan nan ya mutu yana tsakiyar ci? Da wuya. Yawanci daidai lokacin da aka kunna ne yake yin fau ya tafi. Dalilin kenan, a sanyi turjiya ƙasa take, karan mai yawa ya afka masa a ɗan ƙiftawar ido kafin zaren ya yi zafi ya taka masa birki, in zaren ya riga ya sirance a wani wuri nan yake tsinkewa.

Rasistanka kuma, ba amf ne ya kamata ka duba ba, wat ne. Kowane rasista lamba biyu gare shi, om ɗinsa da kuma wat ɗin da jikinsa zai iya fitarwa ba tare da ya gasu ba. Layukan kala om kawai suke gaya maka, wat ɗin a girman jiki ake gane shi. Irin wanda ka kwatanta kwatan wat ne, 0.25. Kai kuma ka ɗora masa 1.59, ka ga ninki shida da ɗoriya kenan. Ina zai kai wannan zafin, jikin da bai kai tsawon farce ba? In kana son maimaita gwajin ka nemo om 100 mai wat 5, irin fararen nan masu jikin siminti masu kusurwa huɗu, shi ma zai yi ɗumi sosai ka ji a hannu amma ba abin da zai same shi. Ko kuma ka yi amfani da om 1000 a ƙaramin, 12.6 sau 12.6 raba 1000 wat 0.16 ne, zai ɗauka.

Ƙa'idar da nake bi tun da na fara aiki, duk wat ɗin da lissafi ya ba ni ina ninka shi biyu in nemi rasista mai wannan. Wanda aka sa shi daf da iyakarsa yana aiki, amma ka buɗe akwatin bayan shekara ka ga allon da ke ƙarƙashinsa ya yi ruwan ƙasa, dalmar ƙafarsa ta tsattsage.

Gargaɗi ɗaya kafin ka je auna amf. Ka mayar da jar waya ramin da aka rubuta 10A, ka yanke hanyar wutar ka sa mita a tsakani, wutar ta bi ta cikinta. Kar ka kuskura ka ɗora ta a kan baki biyu na batir kamar yadda kake auna bolt, a yanayin amf mita kusan waya ce zalla, turjiyarta ba ta kai komai ba, ka raba 12 da kusan sifili ka ga abin da zai fito. In ka yi sa'a fis ɗin ciki ne zai tafi. In ka gama kuma ka mayar da wayar raminta nan take, mantuwa a nan ta kashe mitoci ba adadi. Haka awon om, sai an cire wuta ake yin sa.

sabon_ɗalibi:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam maganar "me ya tsaya bai canza ba" ita ta buɗe min kai, na sake yin lissafin om 10 da om 100 da kaina ya fito yadda ka faɗa.

Baba mai gyara na bi abin da ka ce. Da na haɗa wayoyin mita ta nuna 0.3, kenan kwan 0.5 ne a sanyi. Na kunna shi na sa mita a tsakani ta nuna amf 1.76, na auna bolt a kan ƙafafun kwan yana ci na samu 12.3. Na raba, om 6.99. Na sau, wat 21.6. Wlh da na ga lambar nan ta fito kusan daidai da abin da ke rubuce a jikinsa sai da na miƙe tsaye, gani ya kori ji.

Saura ɗaya dan Allah. Ina da LED ja ƙarami, irin ɗan kwan nan na alamar wuta a jikin na'ura, ina so in kunna shi da batirin nan, an ce min 20mA yake so. Na yi 12.6 raba 20 na samu 0.63, om 0.63 kenan? Raina bai kwanta da amsar ba shi ya sa ban jona ba.

'yar_injiniya:

Gara da ba ka jona ba ɗan'uwa, da ko ƙiftawa ba zai yi ba zai mutu. Kuskure biyu ne a ciki.

Na farko 20mA ba amf 20 ba ne, ƙaramin m ɗin nan mili ne, ɗaya cikin dubu, wato amf 0.02. Fomulolin nan duka da bolt da amf da om da wat suke aiki, duk abin da ya zo da mili ko kilo sai ka mayar da shi tukuna. Wata dabara da nake amfani da ita, in ka raba bolt da kilo-om amsar a mili-amf take fitowa kai tsaye, misali bolt 10 a kan 1k, wato om 1000, mili-amf 10, ba sai ka yi ta jera sifili ba.

Na biyu shi ne abin da Malam ya ja maka kunne a kai, boltej ɗin da ke kan shi rasistan za ka sa. LED ba ya bin dokar Om irin ta rasista, shi yana cafke wani boltej ne kusan tsayayye ya riƙe, ja yakan riƙe wajen bolt 2, fari da shuɗi wajen 3, in ka wuce wannan kaɗan karan ɗinsa sai ya yi tsalle ba iyaka, shi ya sa ake sa masa rasista ya riƙe linzami. To batir 12.6, LED ya ɗauki 2, saura 10.6 a kan rasista. 10.6 raba 0.02, om 530. Ba a cika samun 530 ba, na kusa da shi ta sama da za ka samu cikin sauƙi 560 ne, kalarsa kore, shuɗi, ruwan ƙasa. Da shi karan zai zama 10.6 raba 560, mili-amf 19 kusan.

Kar ka tsaya nan, ka yi lissafin wat kamar yadda Baba ya ce, 10.6 sau 10.6 raba 560, wat 0.2. Kwatan wat zai ɗauka amma ya matso iyakarsa, in kana da mai rabin wat ka sa shi. Ni dai in don alama ce kawai ta nuna akwai wuta, 1k nake sawa, ruwan ƙasa, baƙi, ja. Mili-amf 10.6 ne, wat 0.11, hasken ya isa ido ya gani sarai kuma rasistan ko ɗumi ba ya yi. 20 ɗin nan da ake faɗa yawanci kusa da iyakar ƙananan LED ne, ba wai dole sai ka kai can ba. Ka kula da ƙafafu kuma, doguwar ita ce ta wajen fulos.

mai_haɗa_sola:

Na zo a makare amma bari in ƙara abu ɗaya da ba a taɓo ba, don kar ka ɗauka I² × R ta takarda ce kawai. Mu a wajen aiki ita ce ke cin mu kullum, saboda waya ma rasista ce, kuma a jere take da duk abin da ka jona, karan ɗaya suke sha.

Wayar jan ƙarfe mai kauri 2.5mm² turjiyarta wajen om 7.4 ce a kowace kilomita. Ka ce kayanka na nesa da batir mita 10, wuta za ta je ta dawo, mita 20 kenan, mutane da yawa suna manta dawowar. Turjiya ta zama om 0.148. Kamar ba komai ko? To ka ja wat 120 a bolt 12, amf 10 kenan. 10 sau 0.148, bolt 1.48 ya zube a hanya, kayanka bolt 10.5 kawai suke gani. Wat ɗin da ya tafi a ɗumama waya, 100 sau 0.148, wat 14.8, fiye da kashi goma cikin ɗari na abin da kake ja.

Yanzu wat 120 ɗin dai, wayar dai, amma a bolt 24. Karan ya koma amf 5. Asara 25 sau 0.148, wat 3.7. Ka rage karan rabi asara ta koma ɗaya bisa huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa manyan haɗin sola ke hawa 24 da 48, kuma shi ne dalilin da ya sa layukan da ke ɗauko wuta daga tasha zuwa nesa suke tafiya da dubban ɗaruruwan bolt, a ɗaga boltej a sauke karan, waya ta huta.

Na taɓa zuwa duba wani haɗi da inbata ke ta ƙara tana kashe kanta da an kunna kaya, mai shi ya haƙiƙance batir ne ya mutu. Na auna a kan batir lafiya, na auna a bakin inbata ya faɗi da fiye da bolt ɗaya, na bi waya da hannu sai na iske wani wurin haɗi da ya saki ya yi tsatsa, robar kusa da shi har ta narke ta yi ƙyalli. Ka lissafa, mummunan haɗi mai om 0.02 kacal, in amf 50 na bi ta ciki, 2500 sau 0.02, wat 50 ne a wuri ɗaya da bai fi kan yatsa ba. Mitarka ba za ta ma iya nuna maka 0.02 a awon om ba, sai dai ka auna bolt a tsallaken haɗin yayin da kaya ke ci, nan za ka ga bolt 1 ya ɓace. Aka kankare aka ɗaure tamau, magana ta ƙare.

Sai kuma in ka fara leƙa wutar gida mai kai da komowa, ka tafi a hankali da fomulolin nan. Ga abin da zafi kawai yake yi, hita ko dutsen guga ko butar lantarki, suna aiki yadda suke. Buta mai wat 2000 a bolt 230 tana jan amf 8.7, turjiyarta wajen om 26, kuma wannan in ka auna da mita a sanyi za ka samu kusa da haka, don wayar hita nikrom ce, ba ta canzawa sosai da zafi kamar tangistin. Ka kai butar nan Amurka inda wutar gida bolt 120 ce, 120 sau 120 raba 26.45, wat 544 kawai, ruwa zai daɗe bai tafasa ba. Akasin haka shi ne mai haɗari, hitar da aka yi don 120 ka sa ta a 230, boltej bai kai ninki biyu ba amma wat ya kusa ninki huɗu.

Amma fanka da firji da injin ruwa, duk mai mota a ciki, wato injin da wuta ke juyawa, V × I ba wat yake ba ka ba, VA yake ba ka, wato bolt sau amf, sai ka sau da wani adadi da bai wuce 1 ba kafin ka samu wat na gaskiya, shi ya sa za ka ga inbata da janareta an rubuta musu kVA, wato VA dubu. Kuma in ka auna om na naɗin mota ka raba 230 da shi, amsar da za ka samu ta fi abin da yake ja nesa ba kusa ba, don akwai wata turjiyar da naɗin ke yi wa wuta mai kai da komowa wadda mita ba ta gani a awon om. Wannan sai ka ƙware a batir tukuna. Kuma dan Allah gwaje-gwajen nan naka su tsaya a bolt 12, kar ka kai su soket ɗin bango. Batirin ma ka sa masa fis kusa da kansa, irin wannan batir in waya ta haɗe yana iya tura amf ɗari da wani abu, wayar ta yi ja a hannunka.

sabon_ɗalibi:

Na gode Yaya, na gode Oga. Na sa 1k ɗin, LED ya kama ras. Na auna a kan LED 1.9, a kan rasista 10.6, batir 12.5, kenan mili-amf 10.6 da wat 0.11, na riƙe rasistan da yatsa minti biyu ban ji komai ba. Fis ɗin ma na saka mai amf 5 a jar wayar kusa da batir. Gobe in sha Allah zan jera kwan nan mai wat 21 da wani ƙarami mai wat 5 ɗaya bayan ɗaya, a lissafina ƙaramin ne zai yi haske tunda turjiyarsa ta fi yawa, 144 raba 5 om 28.8, babban kuma da ƙyar zai yi ja. Zan auna bolt a kan kowanne in kawo muku lambobin.